Yaya ruwan sama ke komawa dusar ƙanƙara? Tambayoyi da amsoshi daga Maraɗi

Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hunturu ya sa mu nan Maraɗi muke nannaɗe da bargo muna jin ɗumi a gindin mai shayi, wayoyinmu kan cika da hotuna daga ƴan'uwa da ke Aljeriya da Turkiyya da Faransa da Kanada: tituna sun yi fari fat, motoci sun nutse. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ɗalibai da ƴan kasuwa da iyayen masu karatu a waje suka fi yi a wannan lokaci.

Shin dusar ƙanƙara ruwan sama ne da sanyi ya daskarar a hanya?

A'a. Ba daga ɗigon ruwan sama da ke faɗowa take farawa ba. A ƙasashen sanyi, mafi yawan ruwan da ke sauka yana farawa ne can cikin girgije a matsayin ƙanƙara, sai ya narke a hanya idan ya ratsa iska mai ɗumi. In ya narke kafin ya iso, mu ce an yi ruwa. In bai sami ɗumin da zai narkar da shi ba, ya iso ƙasa yadda aka haife shi, shi ne dusar ƙanƙara.

Saboda haka mai lura da yanayi a lokacin sanyi ba ya tsayawa ga ma'aunin zafin da ke rataye a ƙofar gida. Abin da yake son sani shi ne halin iskar tun daga girgije har ƙasa, hawa-hawa. Duk sauran amsoshin wannan shafi daga nan suka taso.

To yaya take haɗuwa a cikin girgijen?

Mun saba da cewa ruwa na daskarewa a digiri 0 na ma'aunin Selsiyus. A cikin girgije ba lallai ba ne. Ƙananan ɗigon ruwa masu tsabta na iya zama ruwa har a digiri 10 ko 20 ƙasa da sifili, wasu ma sai wajen 40 ƙasa da sifili suke daskarewa da kansu. Suna buƙatar wani ɗan abu da ƙanƙarar za ta fara ginuwa a kansa, kuma ƙurar ƙasa na daga cikin mafi dacewa da wannan aiki. Ke nan ƙurar Sahara da ke shaƙe mu a nan, idan iska ta haye da ita can sama ta kai ta nesa, tana iya zama tushen ƙanƙarar da za ta sauka a wata nahiya.

Da zarar an sami ƴan ƙwayoyin ƙanƙara a tsakanin ɗigon ruwa masu sanyi, sai tururin da ke cikin iska ya fi karkata ga ƙanƙarar. Ɗigon ruwan su riƙa ƙafewa, ƙanƙarar tana girma da abin da suka rasa, har ta yi nauyi ta fara faɗowa. Masanin yanayi ɗan ƙasar Suwidin, Tor Bergeron, shi ya fayyace wannan a shekarun 1930, kuma da sunansa ake kiran tsarin.

Kowace ƙwaya na da kusurwa 6, don kuwa haka ne ƙwayoyin ruwa ke jeruwa in sun daskare. Siffarta kuwa ta dangana ga sanyi da danshin wurin da ta girma. Masu rassa masu kyan gani da ake zanawa a hotuna sun fi fitowa a wajen digiri 15 ƙasa da sifili. Wani manomi a jihar Bamont ta Amurka, Wilson Bentley, ya fara ɗaukar hotonsu a 1885, sannan Ukichiro Nakaya na Japan ya ƙera su a ɗakin gwaji a 1936. Idan iska ta kusa sifili, ƙwayoyin kan ɗan jiƙe su manne da juna, shi ya sa manyan ɓarɓashi ke sauka a lokacin da sanyin bai tsananta ba.

Idan haka ne, akwai ƙanƙara a saman Maraɗi da damina ke nan?

Ƙwarai kuwa. Hadarin Agusta da ke tasowa daga gabas ya yi baƙi ƙirin, kansa na iya haura kilomita 12, kuma can sama ƙanƙara ce zalla. Matsalar ita ce nisan hanya. Iska na yin sanyi da kimanin digiri 6.5 a kowace kilomita ɗaya da aka hau. A yankinmu sai an kai tsayin mita 4,500 zuwa 5,000 kafin a tarar da sifili, Maraɗi kuwa ba ta kai mita 400 sama da teku ba. Ƙwayar ƙanƙara mara nauyi, mai saukowa a hankali da gudun kamar mita ɗaya a daƙiƙa, ƴan ɗaruruwan mitoci kawai take yi cikin ɗumi ta narke. Ina ga kilomita 4?

Ƙanƙarar da ke faɗo mana jefi-jefi da damina, wadda ke huda ganyen gero ta dami kwanon rufi, wata aba ce daban. Ita dunƙule ce. Iska mai ƙarfi da ke hawa sama cikin hadari ce ke riƙe ta, tana tara ruwa mai sanyi yana daskarewa a jikinta ɓawo kan ɓawo, har ta fi ƙarfin iskar. Tana faɗowa da gudu, girmanta kuma ya hana ta narkewa duka. Shi ya sa ake samunta a lokacin zafi, a ƙasa mai zafi.

Amma sanyin hunturu ai ba wasa ba ne. Me ya hana ta sauka a Janairu?

Abu biyu ake nema a lokaci guda, sanyi da danshi, mu kuwa ba su taɓa haɗuwa a wurinmu. Da damina akwai danshin da iskar kudu maso yamma ke kawowa daga tekun Gini, babu sanyi. Da hunturu akwai ɗan sanyi, babu danshi ko kaɗan. Iskar arewa maso gabas ta ratso Sahara ta taho a bushe, ɗauke da ƙurar da galibinta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi take tasowa. Leɓe ya tsage, ƙafa ta yi kaushi, sararin sama ya yi hazo, amma hazon ƙura ne, babu girgijen ruwa a ciki.

Sannan sanyin namu bai kai yadda jiki ke faɗa ba. Da asuba a Janairu ma'auni a Maraɗi yakan tsaya ne a tsakanin digiri 12 zuwa 15, wani dare ya ɗan fi haka sauka, musamman a fadamar Gulbi, da rana kuma ya koma wajen 30. Sanyi ne na ƙasa-ƙasa: babu girgije da zai riƙe zafin da ƙasa ta sha da rana, sai ya tsere cikin dare. Bushewar iska da kaɗawarta, da gidajen da aka gina don zafi, su ke sa mu ji shi har ƙashi.

A wane digiri ne daidai ruwa ke juyewa ya zama dusar ƙanƙara?

Babu lamba guda, kuma a nan ne abin ya fi daɗin bibiya. Ana iya samun dusar ƙanƙara ma'auni na nuna digiri 3 ko 4 sama da sifili, ana kuma iya samun ruwa yana nuna 1.

Abu na farko shi ne bushewar iska. Kowa ya san dalilin da ruwan randa ke sanyi da hunturu: ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yana ƙafewa, ƙafewar kuma tana jan zafi. Haka ƙwayar ƙanƙara ke yi in ta shigo busasshiyar iska. Gefenta na ƙafewa, tana sanyaya kanta da iskar da ke kewaye da ita. Don haka masana suka fi dogara ga abin da ake kira jiƙaƙƙen ma'auni, wato ma'aunin zafin da aka naɗe kansa da jiƙaƙƙen ƙyalle. In shi ya nuna ƙasa da digiri 1, to a sa ran dusar ƙanƙara ko da busasshen ma'aunin ya fi haka.

Na biyu shi ne ƙarfin saukar. Narkewa ma tana cin zafi: kowane giram na ƙanƙara sai ya karɓi kimanin jul 334 (jul ma'aunin yawan zafi ne) daga iska kafin ya zama ruwa. Idan ana yayyafi, iskar na iya biyan wannan ba tare da ta canza ba. Idan aka tsuge kuwa, ƙanƙarar da ke narkewa ta yi yawa, sai ta shanye ɗumin iskar, layin sifili, wato tsayin da ake tarar da digiri 0 a sama, ya riƙa saukowa ƙasa-ƙasa. Wanda ke kallo ta taga zai ga ruwa ya fara haɗuwa da farin ɓarɓashi, bayan ɗan lokaci ya zama fari duka. In saukar ta lafa, ya sake komawa ruwa. Sau da yawa ba wata sabuwar iska ce ta shigo ba, ruwan ne ya sanyaya hanyarsa da kansa.

Na uku tudu ne. Galibi dusar ƙanƙara kan iya saukowa kamar mita 300 ƙasa da layin sifili kafin ta gama narkewa. A gari mai tuddai sai unguwar sama ta yi fari, ta ƙasa kuma taɓo kawai.

Ƙanena a Kanada ya ce an yi ruwa amma komai ya zama ƙanƙara. Yaya ke nan?

Wannan shi ne mafi hatsari a duk nau'o'in. Yana faruwa idan iska mai ɗumi ta hau kan mai sanyi, ta yi shimfiɗa a tsakiya. Dusar ƙanƙara ta fito daga girgije, ta narke a cikin ɗumin, sannan ta sake faɗawa sanyi a kusa da ƙasa.

In sanyin na ƙasa yana da kauri, ɗigon ya sake daskarewa tun a sama, ya faɗo a matsayin ƴan ƙwayoyi masu tauri da ke tsalle a kan gilashin mota. Wannan da sauƙi. In kuwa siriri ne, ɗigon ya iso ƙasa yana ruwa amma sanyinsa ya wuce sifili, duk abin da ya taɓa sai ya daskare a kai nan take: titi, reshe, wayar lantarki, hannun ƙofa. A Janairun 1998 aka yi kwanaki ana irin wannan a gabashin Kanada, har da birnin Montireyal. Nauyin ƙanƙara ya karya manyan turakun ƙarfe na lantarki, miliyoyin mutane suka zauna babu wuta a tsakiyar sanyi, wasu har makonni.

Ta yaya ma'aikatan hasashen yanayi ke sanin abin da ke can sama?

Wata tsohuwar hanya, wadda har yau ba a bar ta ba, ita ce balan-balan. Ana ɗaura mata ƴar na'ura mai auna zafi da danshi da nauyin iska a sake ta, tana aiko da bayani har ta fashe a can sama da kilomita 20. Ɗaruruwan tashoshi a duniya na sakin ta a lokaci guda sau 2 a rana, wanda ya yi daidai da ƙarfe 1 na dare da 1 na rana agogon Nijar. Ga taurarin ɗan'adam irin su Meteosat da ke kallon Afirka da Turai, ga na'urar rada, wadda har tana iya nuna tsayin da ƙanƙara ke narkewa, don jiƙaƙƙiyar ƙanƙara ta fi mayar da siginar da ƙarfi.

A taswirori za ka ga alamu biyu da aka fi dubawa. Ɗaya ita ce zafin iska a matakin 850 hPa (hPa ma'aunin nauyin iska ne, yana raguwa in ana hawa sama), kimanin mita 1,500 sama da teku. A garuruwan da ke kusa da teku a yammacin Turai, ana fara maganar dusar ƙanƙara ne in wannan ya sauka wajen digiri 5 ƙasa da sifili. Ɗayar ita ce layin 540: kaurin iskar da ke tsakanin matakin 1000 da 500 hPa. Iska mai sanyi takan takure, don haka in kaurin ya gaza mita 5,400 alama ce ta sanyi. Tsohuwar ƙa'ida ce ta ƙiyasi, ba ta ganin siririyar shimfiɗar ɗumi irin wadda ta jefa Montireyal cikin duhu.

Irin wannan kimiyya ce ake amfani da ita a Yamai, a hukumar hasashen yanayi ta ƙasa da cibiyoyin AGRHYMET da ACMAD, sai dai tambayarsu daban: yaushe damina za ta kama, yaushe ƙura za ta taso.

Me ya sa hasashen kan kuskure?

Saboda kuskuren digiri 1, wanda a hasashen zafin Afrilu ba wanda zai kula da shi, a nan shi ke raba tsakanin jiƙaƙƙen titi da rufe makarantu. Iyakar da ke tsakanin ruwa da dusar ƙanƙara kan zama ƴan kilomitoci kawai, kuma ɗumin tsakiyar birni ko na teku na iya matsar da ita. A ganina wanda ke bin hasashen kwana 10 a wayarsa yana tsara tafiya a kai, yana yaudarar kansa ne. Na kwana 2 ko 3 shi ne abin riƙewa.

Hotunan dusar ƙanƙara a kan rairayin Sahara, gaskiya ne ko haɗi?

Wasu haɗi ne, amma na garin Ain Safra a Aljeriya gaskiya ne. Ta sauka a can a Fabrairun 1979, ta sake sauka a Disambar 2016 da Janairun 2018 da na 2021. Sai dai a duba inda garin yake: gefen arewacin hamada, a gindin duwatsun Atlas, tsayin kusan mita 1,000, inda iskar sanyi daga Turai da danshin teku ke iya isowa tare. Kuma ba ta daɗewa, rana na ɗagawa take narkewa.

A Maroko ba baƙuwa ba ce. A garin Ifran aka auna sanyi mafi tsanani da aka taɓa rubutawa a Afirka, digiri 23.9 ƙasa da sifili, ranar 11 ga Fabrairu 1935. Dutsen Kilimanjaro mai mita 5,895 yana dab da layin da ya raba duniya arewa da kudu, inda ake zafi, amma tsayi ya ba shi ƙanƙara. A Lesoto kuwa sai a Yuni zuwa Agusta, don lokacin sanyinsu ke nan, kuma a Yulin 2023 ta sauka a Johanasbag. Masu zuwa Umra ma kan ji labarinta a duwatsun Tabuka, arewacin Saudiyya.

A Nijar fa?

Wuri mafi tsayi a ƙasar yana duwatsun Bagzan a yankin Ayar, mita 2,022. A can da kuma Kawar sanyin dare na iya kai wa sifili, ruwan da ya kwana a waje ya yi ɓawo. Farin da ake gani a kan ciyawa da sassafe a irin waɗannan wurare a nan ƙasa ya haɗu, daga ɗan tururin da ke cikin iska, ba daga girgije ya faɗo ba. Maraɗi kam ba ta da tsayin, ba ta da sanyin.

Santimita 30 na dusar ƙanƙara, ruwa nawa ne?

Ƙiyasin da aka saba shi ne 10 bisa 1, wato santimita 30 in ta narke ta ba da milimita 30, ruwa guda mai kyau na damina. Jiƙaƙƙiya ta fi haka ruwa, busasshiya mai laushi ba ta kai ba. Ruwan da Maraɗi ke samu a shekara, wajen milimita 500, da a haka yake zuwa da ya yi tsayin mita 5. A kusa da birnin Bafalo na Amurka, inda iska mai tsananin sanyi ke ɗibar tururi daga tafkin Iri ta juye shi a gaɓa, an tara kusan mita 2 cikin ƴan kwanaki a Nuwambar 2022.

Malam, ɗana ya tafi karatu ƙasar sanyi. Me zan ce masa ya riƙa lura da shi?

Hajiya, abu na farko ya san ma'aunin da ake faɗa masa. A Amurka da Faranhait suke aiki, inda 32 ne sifili, don haka in ya ce miki 30 ake ciki kada ki ɗauka zafi ne. A Kanada da Turai da Aljeriya Selsiyus ne irin namu. Ya kuma riƙa duba lamba ta biyu da ke nuna yadda sanyin ke ratsa jiki in akwai iska, don ita ce ke gaya masa kayan da zai sa. Riguna biyu ko uku a jere sun fi guda mai kauri, kuma kada ya raina kunne da yatsu.

Ya koyi launukan gargaɗi na ƙasar. A Faransa, tun 2001, kore ne da rawaya da ruwan lemo da ja. Ranar da ta fi hatsarin tafiya ita ce wadda ma'auni ke yawo kusa da sifili, ko washegarin narkewa, lokacin da ruwan ya sake daskarewa a kan kwalta ba a ganinsa. Gishirin da ake watsawa a titi na taimakawa, amma in sanyi ya wuce wajen digiri 10 ƙasa da sifili ƙarfinsa ya ragu sosai.

Sai abin da ya shafe mu duka, can da nan: kada a kwana da garwashi ko janareta a rufaffen ɗaki. Iskar gubar da suke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, mutum barci kawai yake ji. Ki gaya masa, ki kuma gaya wa na gida da ke shigar da kasko ɗaki da hunturu.

Alhazai masu zuwa saro kaya ta Istanbul su ma su bar tazara a tafiyarsu ta Janairu da Fabrairu. A Janairun 2022 dusar ƙanƙara ta tsayar da tashin jirage a babban filin jirgin birnin.

Daga Maraɗi zan iya bibiyar wannan da kaina?

Sosai, da salula da ɗan intanet. Buɗe manhaja irin Windy, ka zaɓi gari guda mai tuddai, misali Satif a Aljeriya ko Ankara, ka riƙa duba shi kullum. Duba zafin ƙasa, ka canza tsayi zuwa 850 hPa, ka duba danshi, sannan ka yanke hukuncinka kafin ka kalli abin da manhajar ta ce. Washegari ka tambayi wani da ke can abin da ya sauka. Manhajar kan nuna hasashen Turai na ECMWF da na Amurka na GFS, kuma ranar da suka saɓa wa juna ita ce ranar da za ka fi koyon abu.

Jiƙaƙƙen ma'aunin ma kana iya gwada shi a tsakar gida. Samu ma'aunin zafi guda biyu, ka naɗe kan ɗaya da ƙyallen auduga mai ruwa, ka rataye su a inuwa inda iska ke bi. Da azahar a Janairu bambancinsu kan wuce digiri 10. Ka sake gwadawa a Agusta bayan an ɗauke ruwa, za ka tarar sun kusa zama ɗaya.